Rage Wa Kati Wuta: Inda Ribar Haƙar Kirifto Take Ɓuya

A watan Satumbar 2020 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da wani katin hoto na kwamfuta mai suna RTX 3080, ya rubuta a takardarsa cewa yana shan wutar da ta kai wat 320. Don masu wasannin kwamfuta aka ƙera shi, amma bai daɗe a kasuwa ba ya yi wuyar samu: ga ƙarancin kayan ƙira da annobar korona ta haddasa, ga 'yan kasuwa masu ɓoye kaya, ga kuma masu haƙar kuɗin kirifto da ke saye kwali-kwali. Abin da zai ba mai kallo daga nesa mamaki shi ne abin da mahaƙi yake yi wa katin da zarar ya jona shi. Rage masa wuta yake yi, ya sauke shi daga wat 320 zuwa wajen 220 ko 240. Kamar dai mutum ya zuba dukiya ya sayi ingarman doki, sannan ya rage masa harawa. Sai dai wannan dokin bai rage gudu ba. Da cikakkiyar wuta da ragaggiya, lissafin da katin ke yi wa tsarin kirifto na Ethereum a lokacin yana nan a wajen miliyan 90 zuwa 100 a kowace daƙiƙa. Wannan ɗan bambanci na wat 90 shi ne zuciyar sana'ar gaba ɗayanta. Haƙar kirifto da katin hoto ciniki ne na sayen wuta a sayar da lissafi, don haka abin da ya kamata a auna shi ne lissafi nawa kowane wat ɗaya ya haifar. Wanda ya auna ƙarfin kati kawai ya manta da kuɗin wuta, ya yi girin-girin ne, ba lallai ta yi mai ba.

Kafin a yi nisa, a raba tsaki da tsakuwa. Mainin ɗin da matasanmu suka sani, na danna fuskar waya, irin na Pi ko Notcoin da Hamster Kombat da suka cika gari a 2024, rabon kyauta ne da masu wata manhaja ke yi don tara jama'a. Wayar ba ta yin wani lissafin da ke tsare kundin cinikin kowa. Haƙar da ake magana a nan gasa ce ta na'urori. Kowace na'ura tana ta cankar lambobi, miliyoyi a daƙiƙa, har wata ta dace da amsar da tsarin yake nema, sai a ba mai ita damar rubuta sabon shafi a kundin ciniki, a biya shi da sabon kuɗi. Lokacin da Bitcoin ya fara a Janairun 2009 kwamfutar gida ta isa wannan aiki. A 2010 aka koma katin hoto, a 2013 kuma injinan ASIC da aka ƙera don wannan lissafi kaɗai suka kore kowa daga fagen. Katin hoto ya sake samun gida ne a Ethereum, wanda aka buɗe a Yulin 2015, saboda masu tsara shi sun gina lissafinsa, Ethash, da gangan yadda injin musamman ba zai fi kati nesa ba kusa ba.

A cikin wannan gangancin dalilin rage wuta yake. Katin hoto yana da sassa biyu manya: ƙwaƙwalwa mai yin lissafi, da ma'adana mai riƙe bayanai tana miƙa mata. Ethash ya tilasta wa kowane kati ya ajiye wani ƙaton kundi da ake kira DAG a ma'adanarsa, kundin da ke ƙara girma a hankali har ya haura gigabait 4 a ƙarshen 2020 ya kori duk katunan da ma'adanarsu ba ta wuce haka ba. Kafin a kammala canka ɗaya tak, sai an leƙa wannan kundi sau 64, kowane leƙe a ɗauko bait 128 daga wurin da ba a san shi ba sai an zo kansa. Jimla bait 8,192 ke nan a kan kowace canka. To, ma'adanar RTX 3080 tana iya miƙa gigabait 760 a daƙiƙa. Raba wannan da 8,192, za ka samu kusan miliyan 93, wato daidai inda katin yake tsayawa a aikace. Gwada da tsohon katin kamfanin AMD, RX 580, mai miƙa gigabait 256: lissafi ya ba da miliyan 31, mahaƙa kuma suna samun wajen 30. Shaida mafi ƙarfi ita ce ta RTX 3070 da ƙaninsa RTX 3060 Ti. Babban yana da ƙananan injinan lissafi 5,888, ƙaramin 4,864, akwai kuma tazarar dala 100 a farashin da aka sa musu da farko, amma da yake ma'adanarsu iri ɗaya ce mai gigabait 448 a daƙiƙa, duka biyun a wajen miliyan 60 suke tsayawa bayan an ɗan zaburar da ma'adanar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai injin markaɗe ya san wannan hali: idan da ludayi ake zuba gero, ko an taka injin har ya yi kururuwa, ƙullun da zai fito na ludayi ne, mai kawai ake ƙonawa. Ƙwaƙwalwar kati a kan Ethash yawancin lokacinta jiran ma'adana take yi, kuma wutar da take sha a wannan jira zafi kawai take zama.

Sai kuma wata ƙa'ida ta lantarki da ke sa ragin ya yi albarka fiye da yadda ake zato. Wutar da ƙwaƙwalwa ke ci wajen aiki tana tafiya da saurin bugunta, tana kuma tafiya da boltej ɗin da aka ba ta, amma shi boltej sau biyu yake shiga lissafin, ana ninka shi da kansa. Idan aka sauke shi daga bolt 1 zuwa 0.8, an rage kashi 20 cikin ɗari ne, amma 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.64, wato wutar wannan ɓangare ta faɗi da kashi 36. Idan aka haɗa da rage saurin bugu, ragin ya ƙara zurfi. Mai karatu zai iya tambaya, in haka ne me ya sa kamfani bai saita katin a ƙasa tun daga masana'anta ba? Dalili biyu ne. Na farko, ko a farantin siliki ɗaya aka yanko ƙwaƙwalwa biyu ba sa fitowa da inganci ɗaya. Wata tana aiki lafiya da ƙaramin boltej, wata sai an ƙara mata. Kamfanin da zai sayar da miliyoyi dole ya saita su duka a ma'aunin da mafi rauni a cikinsu za ta jure, a ɗaki mai sanyi ko mai zafi. Na biyu, a teburin gwajin wasanni ake cin kasuwa, inda fifikon kashi biyu ko uku cikin ɗari kan abokin hamayya yake zama kanun labari, don haka ana tura kati har can ƙarshen ƙarfinsa, inda kowane ɗan ƙarin gudu yake cin wuta mai yawa. Mahaƙi yana karɓe wannan rarar ce ya mayar aljihunsa.

Hanyoyin yin haka ba ɗaya ba ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Mafi sauƙi ita ce sa wa kati rufin wuta: a buɗe manhaja irin MSI Afterburner, a ja ma'aunin daga kashi 100 zuwa 70, ko a rubuta umarni ga manhajar nvidia-smi cewa kada katin ya wuce wat kaza. Katin da kansa zai riƙa sauke gudu da boltej don kada ya taɓa rufin. Tana aiki, amma kati yakan riƙa hawa da sauka yana laluben inda zai tsaya, kuma idan aka matse rufin da yawa ma'adana ma sai ta ji a jikinta, lissafi ya zube. Hanya ta biyu ita ce ainihin rage boltej: a buɗe jadawalin da ke nuna kowane saurin bugu da boltej ɗin da aka ware masa, a gyara shi yadda katin zai riƙe gudun da ake so da ƙasa da abin da kamfani ya ba shi. Ta uku, wadda ta zama ruwan dare a gonakin haƙa da ke amfani da tsarin HiveOS, ita ce kulle saurin ƙwaƙwalwa a lamba ɗaya. RTX 3080 da ke haura megahaz 1,700 a wasa, sai a kulle shi a wajen 1,100 ko 1,200, boltej ya sauko da kansa ya zauna wuri ɗaya. A ganina wannan ta fi sa rufi kawai, domin kati mai zaune daram ya fi sauƙin aunawa, kuma abin da ba a auna ba ba a san ribarsa ba.

Aikin kansa na haƙuri ne. Mahaƙi yana rage mataki ɗaya, ya zuba wa allo ido: ga lambar lissafi, ga ta zafi, ga ta amsoshin da tafkin haƙa, wato rukunin da mahaƙa ke haɗa ƙarfi a cikinsa, ya karɓa da waɗanda ya mayar. Ya bar shi ya kwana yana aiki. In gari ya waye babu amsar da aka ƙi, kwamfuta ba ta daskare ba, ya sake rage wani matakin. Ranar da allo ya yi baƙi ko direban kati ya faɗi, ya san ya taka iyaka, sai ya koma baya taki ɗaya ya tsaya nan. Lambobin da suka yi wa katin maƙwabci daidai ba lallai su yi wa nasa ba, ko da sunansu ɗaya. Kuma mai hankali ba ya gaskata lambar wat da manhaja ke nunawa ita kaɗai. Katunan AMD irin su RX 580 wutar ƙwaƙwalwa kawai suke bayar da rahotonta, ba ta katin duka ba, sannan akwatin raba wuta yana da nasa asarar. Ƙaramar mitar da ake soka wa a soket ita ke faɗin abin da kamfanin wuta zai caja.

Mu sa kuɗi a kan maganar. Wat 90 da aka rage wa kati ɗaya, in ya yi awa 24 yana aiki, yunit 2.16 ke nan a rana, kusan 65 a wata. Mai kati shida ya tsira da kusan yunit 389 duk wata. Inda ake sayar da yunit senti 10, dala 39 ce ta dawo masa ba tare da ya rasa komai ba. In aka auna da farashin da hukumar wutar lantarki ta NERC ta sa wa 'yan rukunin Band A a Najeriya a Afrilun 2024, naira 225 kan kowane yunit, rarar ta haura naira 87,000. Ba nan ta tsaya ba. Duk wat ɗin da ya shiga kati zafi yake zama a ɗaki, kuma kati shida da ba a rage musu wuta ba suna fitar da kusan wat 2,000, kwatankwacin dutsen guga biyu da aka bari a kunne dare da rana. Zafin nan sai an fitar da shi da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su ma wuta suke sha. Ga kuma batun wayoyi, wanda ya shafi rai ba aljihu kaɗai ba. Kan waya mai haƙori takwas an yi shi ne don wat 150, mai shida don 75, shi kuwa na SATA wat 54 ne iyakarsa, alhali ramin da ake soka kati yana da izinin jan 75. Mahaƙa da dama sun ciyar da katunansu ta kan SATA don sauƙi, suka wayi gari da narkakkiyar roba. Rage wuta yana sassauta wa wayoyi, amma ba ya gyara haɗin da aka yi ba daidai ba tun farko.

Ƙorafin farko da zai zo wa mai karatu a ƙasarmu daga gogewa yake, kuma ya cancanci amsa. Mun saba ganin ƙarancin wuta yana ƙona firji da injin ruwa, shi ya sa ake sayen sitabilaiza; ta yaya za a ce rage boltej alheri ne? Abubuwan biyu ba dangi ba ne. Injin firji mota ce mai juyawa, idan wutar layi ta yi rauni sai ta kasa tashi ta riƙa jan wuta fiye da ƙima har wayar cikinta ta gasu. Katin hoto kuwa bai san wutar layi ba. Akwatin raba wuta yana ba shi bolt 12 tsayayye, wasu ƙananan na'urori a jikin katin su sauke shi zuwa wajen bolt 1 don ƙwaƙwalwa, kuma wannan na ƙarshen kaɗai ake taɓawa. Idan aka rage shi fiye da kima, abin da zai faru shi ne kuskuren lissafi ko daskarewa, a kashe a kunna a koma yadda ake. Abin da ke tsufar da siliki shi ne yawan boltej da zafi, ragin kuwa duka biyun yake saukewa. Haɗarin gaske yana wajen ma'adana, wadda mahaƙa ke zaburarwa a daidai lokacin da suke lallashin ƙwaƙwalwa. Ma'adanar GDDR6X da ke kan RTX 3080 da 3090 tana da zafin jini, takan haura digiri 100 a haƙa, a wajen 110 kuma katin yake rage gudu don ceton kansa. Sai ka ga ƙwaƙwalwa tana zaune a digiri 50 da wani abu mai kati yana murna, ma'adana kuwa tana dahuwa. Shi ya sa buɗe kati a sauya masa robobin da ke tsotse zafi ya zama sana'a mai zaman kanta a 2021.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma yana da gaskiya a cikinsa. Akan ce idan kuɗin ya yi daraja, ɗan ƙarin lissafi ya fi kuɗin wutar da ya ci, don haka tsantseni asara ne. A Nuwambar 2021, lokacin da Ether ɗaya, wato kuɗin Ethereum, ya kai wajen dala 4,800, mai wuta mai araha yana da dalilin barin katinsa sama kaɗan da wurin da ya fi tattali. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da ƙara wuta muddin wat na ƙarshe yana kawo fiye da abin da aka saye shi. Amma a kan Ethash wannan fili ƙanƙane ne, tunda ma'adana ta riga ta ja layi. Bayan wajen wat 230 duk abin da aka ƙara wa RTX 3080 kusan a banza yake tafiya. Kuma farashi ba ya zama. Zuwa Yunin 2022 Ether ya faɗo ƙasa da dala 1,000, a nan aka ga wanda kwalliyarsa ke biyan kuɗin sabulu: mai samun miliyan 97 da wat 230 yana nan, mai samun su da wat 320 ya fara biyan kuɗin wuta daga aljihu. Hatta mai sola, wanda yake ganin wutarsa kyauta ce, lissafin bai ƙyale shi ba, domin faranti da batir da inbata suna da iyaka, kuma wutar da za ta ɗauki kati biyar marasa saiti za ta ɗauki bakwai masu saiti.

Wannan misali na ƙarshe shi ne ke rusa wata da'awa da ba na goyon baya, wato cewa rage wa kati wuta taimakon muhalli ne. A ɗakin mutum ɗaya, ƙwarai an rage. A tsarin gaba ɗaya kuwa rarar ba ta zama a ajiye. Ƙarin kati ake saye da ita. Tsarin haƙa yana ƙara wahalar lissafi da kansa duk lokacin da na'urori suka ƙaru, don haka lada ɗaya ake rabawa, wutar da ake ƙonawa a kansa kuwa tana bin darajar kuɗin. Masanin tattalin arziki na Ingila William Stanley Jevons ya lura da irin wannan tun 1865 a kan kwal: da injina suka ƙara tattali, sai amfani da kwal ya ƙaru. A farkon 2022, duk da kusan kowane mahaƙi ya iya saita katinsa, ƙarfin haƙar Ethereum ya haura kwatankwacin RTX 3080 miliyan goma. Ƙasashen da suka ji nauyin haƙar kirifto a layukansu ba su jira tattalin mahaƙa ba: Iran ta dakatar da haƙa na wata huɗu a Mayun 2021 saboda ɗaukewar wuta, Kosovo ta haramta a Janairun 2022, Kazakistan ma ta yanke wa mahaƙa wuta a wannan watan. Abin da ya rage wutar Ethereum da gaske shi ne barin haƙar baki ɗaya. Ranar 15 ga Satumbar 2022 tsarin ya koma hanyar da masu ajiye jari ke tabbatar da ciniki, Gidauniyar Ethereum kuma ta ƙiyasta cewa wutar da yake ci ta ragu da kusan kashi 99.95 cikin ɗari.

Daga wannan rana miliyoyin katuna suka rasa aiki a dare ɗaya. Suka kwarara zuwa ƙananan kuɗaɗe irin su Ethereum Classic da Ravencoin da Ergo, wahalar lissafi ta yi tsalle, lada ya tsinke. Lissafin wasu daga cikin waɗannan, kamar KawPow na Ravencoin, yana sa ƙwaƙwalwa aiki sosai, don haka ragin da aka saba yi a Ethash ba ya yiwuwa ba tare da an rasa lissafi ba. A nan iyakar dabarar ta fito fili. Tana iya rage kuɗin wuta da kashi 25 ko 30, amma ba ta iya mayar da wuta mai tsada ta zama mai araha. Kati shida da aka saita da kyau suna cin kusan yunit 1,000 a wata, sama da naira 220,000 a farashin Band A na Afrilun 2024, kuma wannan in wutar ta zauna ke nan. In aka koma janareta lissafin ya ƙara lalacewa. Duk matashin da wani zai tallata wa tsofaffin katuna da alƙawarin samun kuɗi yana barci, ya nemi a nuna masa abu uku a rubuce: abin da katin ke samarwa a rana da farashin yau, abin da mitar soket ta nuna, da kuɗin yunit a unguwarsa.

Ilimin kansa bai mutu da Ethereum ba, domin ƙa'idar ninka boltej da kansa ba ta san kirifto ba. Mai tace bidiyo a Kano ko Maradi da ke aiki a kan inbata, da mai shagon wasannin kwamfuta da ke fama da zafin watan Afrilu, duka za su iya sauke katinsu da wat 50 ko fiye su rasa ɗan abin da ido ba zai gani ba, batir ya ƙara jimawa, fanka ta rage ihu. Katunan da suka yi haƙa kuma suna yawo a kasuwar kayan hannu, kuma ba dole ne a guje su ba. Katin da ya shekara biyu a ƙaramin boltej da zafi tsayayye ƙwaƙwalwarsa ba ta sha wata wahala ba. Fanka ita ce ta yi ta juyi ba hutu, don haka a juya ta da yatsa a ji ko tana karkarwa. A duba bayan katin ko robobin zafi sun yi gumin mai. In RX 580 ne ko ɗan'uwansa, a tambaya ko an sauya masa manhajar BIOS don haƙa, a nemi a mayar da ta asali. Sannan a sa shi aiki mai nauyi na rabin awa a gaban mai sayarwa, ana kallon zafin ma'adana, kafin a ƙirga kuɗi.